Katin Mama a Cikin Ƙanƙara

Dayton, Ohio
Asabar, 7 ga Yuni

Zuwa ga Yayana Lucius,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Heike da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka kwaso a aikin soja, ya ƙara maka haƙuri da sanyin Jamus, ya raya mana Jonas da Mila. Mu nan sai godiya. Maigidana Alonzo yana nan yana fama da motocin mutane a gareji. Keziah ta gama sakandare, za ta tafi Columbus karatun jinya, Amos kuwa ya fi ubansa tsawo, kuma in ya buɗe firji sai ka ji tausayin firjin. An kawo mana sabon fasto a coci, mutumin kirki ne, sai dai in ya hau wa'azi kajin da muka bari a kan wuta su ne ke shan wahala.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya shi ne na san halinka, Yaya. Ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kuɗin da ka aiko sun iso, saƙon muryarka ma ya iso, na saurare shi har ƙarshe duk da ihun da ke ciki. Ka ce Dwight ɗan Inna Verlene ya gaya maka Mama ta faɗa hannun masu katin bashi na zalunci, ka ce ina zaune ina kallo, ka ce a biya su a rufe katin a yau ɗin nan. Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye maka ba, amma na san ƙauna ce ta sa. To, ba a rufe katin ba, kuma ina roƙonka ka karanta wannan takarda har ƙasa kafin ka sake ɗaga murya. Wanda yake nesa labari rabi yake samu, rabin da ka samu kuwa ba shi ne mai daɗin ba.

Ka tuna bayan jana'izar Baba ka koma da wuri saboda aiki. Sati bai zagayo ba Mama ta zauna a teburin kicin ta kira kamfanin katinsa. Ta gaya musu Clemon Tolliver ya riga mu gidan gaskiya, ta tambayi abin da ake binsa, ta biya tas, sannan ta ɗauki almakashin ɗinkinta ta yanka katin gida huɗu. Da na zo da yamma fuskarta har wani haske take yi. Ta ce da ni, Marvella, mijina ya kwanta ba mai binsa ko sisi, ni ma ba mai bina, yau zan yi barci da minshari. Ni ma na taya ta murna, don a lokacin ban ga abin da ke tafe ba. Shekara arba'in da huɗu ita ce ke tuna wa Baba ranar biya, ita ce ke liƙa kan sarki a ambulan, amma sunan da ke jikin katin nasa ne, gida ma da sunansa, mota da sunansa. Duk wannan kyakkyawan tarihi ya bi Baba kabari, ita kuwa a wurin bankuna kamar ba a taɓa haihuwarta ba.

Ba mu san haka ba sai da maganar Inna Verlene, yayar Mama, ta taso. Ka ga yadda take a wurin jana'iza, ka ce tsufa ne kawai. Ya wuce tsufa, Yaya. Mantuwa ce ta kama ta sosai. Takan ɗora tukunya ta tafi ta zauna, takan sa takalmi a firji, wata rana ta tambayi Alonzo ko shi ne mai kawo wasiƙu. Mama ta so ta ɗauko ta ta dawo da ita gidanmu na dā, aka gwada, ba ta kwana biyu ba ta rikice tana kuka tana neman ɗakinta, ga matakalar nan da ta kusa kayar da ita. Likita ya ce a bar ta inda idonta ya saba, amma lallai a samu wani kusa da ita. Dwight yana can Atlanta da aiki da iyali, ba zan ga laifinsa ba, tsoro ne ya cika shi. Ya ce in ba a samu mai zama kusa da uwarsa ba zai kai ta gidan kula da tsofaffi. Mama ta ce yayarta ba za ta mutu a hannun baƙi ba muddin tana numfashi. Ta yanke shawarar barin gidanta ta kama haya a ginin da Inna take, tunda can ba sa yarda mutum biyu su zauna a ɗaki irin na Inna.

Ni na kai ta ofishin ginin. Ta sa rigarta mai ruwan toka da ɗan kunnen da Baba ya saya mata, ta cika takarda da rubutunta mai kyau. Yarinyar ofis ta danna na'ura, ta sake dannawa, sai ta fara kame-kame. Ta ce, Mama, ki yi haƙuri, na'ura ta ce ba ki da maki. Mama ta ce wane irin maki, jarrabawa aka yi ba a gaya mata ba? Yarinyar ta ce makin bashi, wanda ke nuna mutum yana biya in ya ci. Mama ta gyara zama ta ce ai shi ya sa ba ta da shi, don ba a binta. Yarinyar ta ce matsalar ke nan. Na ce zan tsaya mata, aka ce kamfanin da ke riƙe da ginin ba ya karɓar mai tsayawa, mutum da makinsa ake dubawa. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sannan Mama ta ce, wato wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne abin tsoro, wanda ya ci ya ƙoshi shi ne mutumin kirki. Na ce haka ƙasar take. Ta ce to ƙasar ta sha giya.

Kai ka bar nan kana da shekara goma sha tara, ka je ka zauna cikin mutanen da har yau da tsabar kuɗi suke sayen burodi, don haka bari in gaya maka abin da ka tsallake. Katin bashi iri biyu ne, bankuna suna ce musu prime da subprime, amma sunan da Mama ta raɗa musu ya fi dacewa: katin ƙofar gaba da katin ƙofar baya. Ka san daga ina ta samo wannan, ita da ta yi ƙuruciya a Alabama tana bin Kaka zuwa gidajen da take yi wa wanki. Nawa na ƙofar gaba ne, don na daɗe ina biya a kan lokaci. Ba na biyan kuɗin shekara, iyakar abin da zan iya ci tana da faɗi, ruwan da suke ɗorawa bai kai ashirin cikin ɗari ba, kuma in na sayi man mota har wani ɗan abu suke mayar mini, kamar ana yi mini godiya. Wanda aka yarda a ba Mama kuwa iyakarsa dala ɗari uku, kuma kafin ta taɓa shi sun cire kusan kashi ɗaya cikin uku da sunan kuɗin buɗewa da kuɗin shekara. Ruwansa ya haura talatin. In ka makara kwana ɗaya tara, in ka biya ta waya ma akwai ɗan abin da za su yanka. Roba ɗaya ce, girma ɗaya, inji ɗaya ake zura su, amma ɗaya ana lallashinka ka riƙe shi, ɗaya kuwa an zuba ido ana jiran ka yi tuntuɓe. Mai kuɗi ya ci bashi da araha, marar shi ya ci da tsada. Duk abin da Dwight ya gaya maka game da katin nan gaskiya ne. Abin da bai gaya maka ba shi ne ita kaɗai ce ƙofar da aka buɗe wa Mama, kuma shi ma katin zaluncin yana kai rahoto duk wata cewa wance ta biya.

Akwai gajeriyar hanya, na kuma nuna mata. A nan mai katin ƙofar gaba yana iya sa sunan wani a ƙarƙashin nasa, sai tarihinsa ya rufe wancan kamar bargo. Iyaye suna yi wa 'ya'yansu, ni ma haka zan yi wa Keziah. Na ce Mama, kawo in sa ki, cikin 'yan makonni an gama. Yaya, da ka ga kallon da ta yi mini. Ta ce shekara arba'in da huɗu tana tafiya a bayan sunan Clemon, ga inda abin ya ajiye ta, yanzu kuma ta koma bayan sunan yarinyar da ta wanke wa kashi? Ta ce wannan karon da ƙafarta za ta shiga, ko da ta baya ce. Raina ya ɓaci, ka san bakina. Na ce Inna tana can tana barin wuta a kunne ke kina nan kina girman kai. Ta ce in iya bakina, ba da sa'ata nake magana ba. Muka yi sati ba ma ga maciji. Daga baya ta kira ni ta ce ta yi magana da Dwight, ya yarda ya jira har dusar ƙanƙara ta narke, ita kuma kullum za ta riƙa hawa bas ta wuni wurin Inna. An gaya mata sai kati ya yi kamar wata shida ana biya kafin maki ya fito. Ta ce za ta yi wata shidan.

Ranar da katin ya iso na same ta a kicin tana wani aiki da ban gane ba. Ta naɗe shi a takardar gwangwanin da ake rufe abinci, ta saka a robar da muke zuba miya, ta cika da ruwa, ta tura cikin firiza tsakanin kifin tarwaɗa da ganyen da ta ajiye na Kirsimeti. Na san mutane suna daskarar da kati, a wurin aiki ma akwai wadda ta yi, amma naɗewar ce ban taɓa gani ba. Ta ce ai ƙanƙara garau take, ana iya karanta lamba ta cikinta, ita kuwa ta san kanta da tashar nan ta talabijin da ake tallan tukwane. Ta ce, ni da tukunya mai murfin gilashi ba a bar mu mu biyu a ɗaki. Na yi dariya har na zauna, amma a raina na jinjina mata. Mutane da yawa sun san mugun halin kati, kaɗan ne suka san nasu.

Daga nan abin ya zama al'ada. Farkon kowane wata sai ta fito da robar da safe ta ajiye a wurin wanke-wanke, ta tafi harkarta. In ƙanƙarar ta narke ta goge katin da tawul, ta je kantin magani ta sayi abu biyu, man gashin Inna da alewar minti da Inna ke so. Ba ta ƙara ko allura a kai. Takardar biya na zuwa ta rubuta cek na duka, ta kai gidan waya da kanta, sannan katin ya koma wanka. Wata rana Alonzo ya zo gyara mata famfo ya tarar tana jiran ƙanƙara, ya ce Mama kawo in jefa a injin ɗumama abinci, minti ɗaya an gama. Ta ce, kai dai da ka auri 'yata na ɗauka kana da hankali, ƙarfe za ka sa a injin nan ka ƙone mini gida? Ta ce jiran shi ne maganin, duk abin da ba zai iya jiran ƙanƙara ta narke ba, ba bukata ba ce, kwaɗayi ne. Har yau in Amos ya dame shi da maganar sabon takalmi, Alonzo sai ya ce a sa a firiza.

Su kuma masu katin ba su bar ta ta huta ba. Kira bayan kira. Yau a ce za a ƙara mata iyaka in ta biya wani ɗan abu, gobe a ce ga inshora in ta yi rashin lafiya, jibi a tuna mata wai ba dole ba ne ta biya duka, ɗan kaɗan ma ya isa. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon, don sauran da ka bari shi ke haihuwa. Ina zaune wata rana wani saurayi ya kira, na ji tana ce masa, ɗana, muryarka da daɗi, ya kamata ka shiga ƙungiyar mawaƙan coci, amma katin yana barci, kada mu tashe shi. Da ya nace sai ta tambaye shi ko uwarsa ta san aikin da yake yi. Shi ya fara kashe wayar. A watan Disamba injin ɗumama gidanta ya lalace, ga sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Ta gaya mini daga baya cewa ta fito da robar, ta zauna tana kallonta tana ɗiga, kafin ta narke rabi ta tuna an ce in ka cika katin maƙil maki faɗuwa yake ko da ka biya. Ta mayar da ita. Ta kwana biyu da rigar sanyin Baba a jikinta har wani dattijo na cocinmu ya zo ya gyara, ta biya shi da abin da ke hannunta da kek ɗin dankali. Duk wannan, kullum tana tashar bas da safe da kwanon abincin Inna. Mace mai shekara saba'in ba ɗaya, Yaya.

A ƙarshen Fabrairu abin da muke tsoro ya faru. Bas ya makara saboda dusar ƙanƙara, kafin Mama ta isa Inna ta fita da silifas da rigar barci, wai za ta makaranta. Wani mai share hanya ne ya gan ta a bakin titi ya riƙe ta. Allah ya kiyaye, yatsun ƙafarta kawai suka taɓu. Dwight ya kira yana kuka, ya ce ba zai iya ƙara jira ba, ya riga ya sa sunanta a wani gida, da zarar gado ya samu za a ɗauke ta. A satin nan kuma makin Mama ya fito, kuma ɗakin da ke jikin na Inna zai samu, wanda ke ciki zai koma wurin 'yarsa. Muka ruga ofis. Yarinyar nan ta danna, na ga ta ciji leɓe. Maki ya fito, mai kyau ma ga wanda ya fara jiya, amma ya gaza abin da kamfanin ke nema da ɗan kaɗan. Ta ce da wata uku ne nan gaba da ya kai. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta riƙe ɗakin har a gama fenti da gyara, daga nan ba ruwanta. Muka fito. Maganar ai na gaya miki tana bakina, na haɗiye ta.

Ranar Lahadi bayan coci muna shirin cin abinci aka buga ƙofa. Ka san Mama ba ta buga mana ƙofa, ta kicin take shigowa tana faɗan an bar shara. Na buɗe na gan ta tsaye da hularta ta coci, jaka a gaba, kamar baƙuwa. Ta ƙi zama. Ta ce Marvella, na zo roƙo. Ta ce ta so ta shiga da ƙafarta, ta kuma yi iyakar ƙoƙarinta, amma girman kai ba zai zauna kusa da Verlene ya hana ta fita ba. Ta ce, sa ni a bayan sunanki, 'yata, in kin yarda. Yaya, ni da na yi wata shida ina jiran ranar da zan ce ai na gaya miki, ga ranar ta zo. Kuka kawai na fashe da shi. Na ga Mama ta yi abubuwa masu wuya a rayuwa, na ga ta binne miji ba ta faɗi ba, amma ban taɓa ganin ta yi abin da ya fi wannan wuya ba, kuma ban taɓa ganin ta da girma kamar ranar ba. Ita ce ma ta ce in share hawaye kada su zuba a shinkafa. Sharaɗi ɗaya ta kafa: in katin da za a buga da sunanta ya zo, kada in ba ta, in sa shi a nawa firizan. Yana nan har yanzu a bayan wake.

Na sa sunanta a katina, muka yi ta jiran rahoton ya shiga, ana fenti muna addu'a mai fentin ya yi nawa. Ya shiga kafin a gama. Ban san wanne ya fi nauyi a ma'auninsu ba, shekaruna ko watanninta, kuma ban damu in sani ba. Yarinyar ofis da kanta ta kira, tana murna kamar uwarta ce. Mama ta kira Dwight ta ce ya je ya goge sunan yayarta daga inda ya rubuta shi, ya kuwa goge, har ya zo ya taya mu kwashe kaya. Mama ta tare a watan jiya. Gidanmu na dā za a ba wasu ma'aurata haya, na san za ka ji wani iri, ni ma na ji. Cikin kayan da aka ɗauka har da robar miya a cikin kula, Mama ta rungume ta a cinya a gaban mota, ta ce kada wanda ya taɓa mata ɗan haya.

Yanzu bango ɗaya ne tsakaninsu. Shekaranjiya na je da yamma na kai musu burodin masara, muna zaune da Mama sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inna ce, da takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta gane ni ba, ta gaishe ni da ladabi kamar malamar makaranta. Amma da ta ga Mama sai fuskarta ta saki, ta kira ta da sunanta na yarinta, ta ce Dessa, Mama ta ce ki shigo gida haka nan, rana ta faɗi. Mamarmu ta miƙe ta kama hannunta ta ce to Yaya, mu je kada a yi mana faɗa. Ta ce mini haka ake yi sau da yawa a rana. In abin ya taso mata ba ta ƙara nufar titi, ƙofar da ke kusa take bugawa, kuma kullum ana buɗewa. Wannan shi ne abin da katin zaluncin ya saya, shi da alewar minti.

Saura maganar rufewa. A makon nan wata ambulan mai kauri ta zo wa Mama, daga masu ƙofar gaba, da sunanta ita kaɗai, Odessa Tolliver, ba matar wane ba. Suna roƙonta ta karɓi katinsu, ba kuɗin shekara. Ta manna takardar a jikin firji ta ce su ma su ɗan jira, su ji yadda ake ji. Za ta karɓa, na san ta. In ya zo ya zauna da gindinsa, za ta sallami na ƙofar baya kafin su sake cire kuɗin shekara, ni ma in cire ta daga nawa, kamar yadda ta ce tun farko. Amma da mun bi umarninka mun rufe shi da garaje, da mun tsinke mata igiyar da take hawa da ita. Kuma babu abin da za a biya da kuɗinka, don ba a binta ko sisi. Na gaya mata ka aiko, na kuma rage zafin saƙon kafin in isar. Ta yi murmushi ta ce Lucius ke nan, tun yana yaro in ya ji tsoro faɗa yake yi. Ta ce kada a mayar maka, kada kuma a taɓa, kuɗin jirginka ne.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri. Alonzo yana gaishe ka, Keziah da Amos suna gaida Kawunsu, Dwight ma ya ce in ba ka haƙuri kan rabin labarin da ya ba ka. Ka gaida mini Heike da kyau, ka ce mata na gode da hotuna, ka sumbaci Jonas da Mila, ka gaida surukarka Mama Gudrun, Allah ya ƙara mata sauƙi. Inna Verlene ba ta aiko da gaisuwa ba, don a wurinta ba ka je ko'ina ba. Ta manta sunana, ta manta na ɗan da ta haifa, amma duk yamma sai ta leƙa taga ta tambayi Mama ko Lucius ya dawo daga makaranta. Mama takan ce mata yana hanya. Ka san Mama ba ta son a bi ta bashi, Yaya, ko da na magana ne. Ka zo ka biya mata wannan tun ana tambayarka.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka kullum,
Marvella